Yadda ake hango finafinan da za su shiga takarar kyauta tun kafin a sanar

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, a Tudun Wada nake zaune a nan Kaduna. Duk shekara idan lokacin kyaututtukan finafinai ya matso, ni da abokaina mukan zauna a teburin mai shayi, kowa ya rubuta finafinan da yake ganin za su shiga takara, na AMVCA da ake yi a Legas da na Oscar ta Amurka. Shekara uku ke nan a jere ina shan kaye, alhali na fi su kallon fim, kuma na tabbata waɗanda nake zaɓa sun fi kyau. Ga masu sharhi kuma, sai su faɗi sunaye tun wata biyu kafin sanarwa, kuma yawanci su dace. Shin tsegunta musu ake yi, ko akwai hanyar da ake bi? Sannan me ya sa finafinanmu na Hausa ba su cika shiga ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani: yadda mutum zai hango sunayen da za su fito a jerin 'yan takara kafin a karanto su, da dalilin da ya sa namu na Hausa suka fi yawa a sahun 'yan kallo.

Bari in fara cire maka zargin tsegumi. A Oscar, kamfanin akantoci na PricewaterhouseCoopers ne ke ƙidayar ƙuri'u, shekara sama da 80 ke nan, kuma ko bayan an tashi daga biki ba a fitar da adadin da kowa ya samu. Masu sharhin da kake gani suna dacewa ba su leƙa takardar kowa ba. Abin da suka fi ka da shi yana cikin wasiƙarka, a wurin da ka ce finafinan da kake zaɓa sun fi kyau. Ban musa ba, mai yiwuwa ma haka ne. Sai dai kai kujerar alƙali ka hau, kana tambayar wane fim ya fi. Mai hasashe tambayarsa daban: su wane ne ke zaɓen, wace doka aka gindaya musu, kuma wane fim ne ya isa gabansu a lokacin da za su yanke hukunci? Na daɗe ina rubuta sharhin fim a garin nan kafin wannan bambancin ya zauna mini, kuma tun da ya zauna hasashena ya kama hanya.

Ka san masu zaɓen kafin ka san finafinan

An fara ba da Oscar a 1929 a Hollywood. Ƙungiyar da ke bayarwa tana da masu ƙuri'a wajen 10,000 a yau, kuma 'yan sana'ar ne: jarumai, daraktoci, furodusoshi, marubuta, masu ɗaukar hoto, masu tace hoto, masu sauti, masu kwalliya da sutura. An kasa su reshe-reshe, kuma a matakin fitar da 'yan takara, a mafi yawan rukunai kowane reshe nasa yake zaɓa. Jarumai su fitar da jarumai, daraktoci su fitar da daraktoci. Rukunin gwarzon fim ne kowa ke sa hannu a ciki, gurbinsa 10, sauran kuwa biyar-biyar.

Wannan kaɗai ya isa ya warware maka abubuwan da ke ba mutane mamaki duk shekara. A 2013 Argo ya lashe gwarzon fim, amma daraktansa Ben Affleck ko cikin daraktoci biyar bai shiga ba. A 2024 Barbie, wanda ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a 2023, ya shiga takarar gwarzon fim, amma Greta Gerwig ba ta samu gurbi a daraktoci ba. Taron da ya zaɓi fim ɗin daban, taron da ya zaɓi daraktocin daban. Reshen daraktoci 'yan ɗaruruwa ne, da yawansu ba Amurkawa ba, kuma suna da ɗabi'ar ware kujera ga wani daga waje: Thomas Vinterberg na Danmak a 2021, Ryusuke Hamaguchi na Japan a 2022, Justine Triet ta Faransa a 2024. Wanda ya lura da wannan ɗabi'a ba zai cika gurbi biyar da Amurkawa zalla ba. Reshen jarumai kuwa shi ne mafi girma, don haka fim ɗin da ya ba jarumai da yawa filin nuna bajinta ya fi samun sauƙin shiga gwarzon fim a kan wanda ƙarfinsa ke cikin na'ura da ƙawa.

Sai yadda ake ƙidaya, wanda a ganina shi ne abin da 'yan teburinku suka fi buƙatar ji. Mai ƙuri'a jera zaɓinsa yake yi, na ɗaya, na biyu, har na biyar, kuma ana fara tara takardu ne bisa sunan da ke sama. A rukuni mai gurbi biyar, duk wanda ya ɗan haura kashi ɗaya bisa shida na takardun ya shige. Mu ƙaddara mutum 600 suka kaɗa. Wanda 101 suka sa a sama ya samu kujera, ko da sauran 499 ba su san da zamansa ba. Wanda kuma kowa ya sa shi na huɗu, babu wanda ya sa shi na ɗaya, shi ake fara zubarwa. Saboda haka idan kana auna fim, daina tambayar mutum nawa ne suka ce yana da kyau. Tambayi mutum nawa ne za su yi musu a kansa har jijiyar wuya ta tashi.

Haka ya faru a 2023, lokacin da Andrea Riseborough ta shiga takarar gwarzuwar jaruma da wani ƙaramin fim mai suna To Leslie, wanda 'yan tsiraru ne suka gan shi a silima. Manyan jarumai abokan sana'arta ne suka yi ta shirya zaman kallo, suna yabon ta a shafukansu a daidai makon kaɗa ƙuri'a. Maganar ta yi zafi har ƙungiyar ta binciki yadda aka yi kamfen ɗin, ta bar mata takararta, daga baya ta tsaurara dokoki. Kusan duk masu sharhi sun faɗi a wannan gurbin, domin sun tsaya kallon manyan kamfanoni, sun manta cewa kashi ɗaya bisa shida na reshe guda ake nema.

Su kansu masu zaɓen suna canzawa. A 2015 da 2016 duk jarumai 20 da suka shiga takara fararen fata ne, aka yi ta caccakar ƙungiyar, sai ta shiga gayyatar sababbin mambobi ɗaruruwa duk shekara daga ƙasashe daban-daban, har da 'yan Najeriya irin su Tunde Kelani da Genevieve Nnaji. A 2020 Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya lashe gwarzon fim. Wanda ke hasashe da ma'aunin shekara 20 da suka wuce, wasu mutane yake aunawa waɗanda yanzu sun zama ɓangare kawai na taron.

Larabar da ake dubawa

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan harka Larabar tana da kwanan wata. A watan Mayu, lokacin da muke sauraron ruwan farko a nan, ake bikin finafinai na Cannes a Faransa. Parasite can ya fara cin babbar kyauta a 2019, Anora ma can ya ci a 2024 kafin ya lashe Oscar a 2025. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba sai Venice a Italiya, Telluride a Amurka, da Toronto a Kanada, su ukun kusan a jere. Na Toronto na fi sa wa ido, domin babbar kyautarsa 'yan kallo ne ke zaɓa, kuma finafinai irin su Slumdog Millionaire a 2008 da 12 Years a Slave a 2013 da Nomadland a 2020 duk daga can suka ɗauko hanya. Kafin damina ta ɗauke, mai bibiya ya riga ya san finafinai 15 zuwa 20 da za a yi maganarsu. Wannan shi ne sirrin "wata biyu kafin sanarwa" da ya ba ka mamaki.

Daga Disamba, da shigowar hunturu, sai alamu su yi ta zubowa: ƙungiyoyin masu sharhi na New York da Los Angeles, Golden Globes, sannan ƙungiyoyin 'yan sana'a da BAFTA ta Birtaniya. A nan ne sabon shiga ke ruɗewa, domin yana ba kowace alama nauyi ɗaya. 'Yan jarida ne ke zaɓen Golden Globes, ba su da ƙuri'a a Oscar. Amfaninsu shi ne suna sa mai ƙuri'a ya ɗauko fim ɗin da ya ajiye bai kalla ba. Amma ƙungiyar jarumai ta SAG, ta daraktoci DGA, ta furodusoshi PGA, da BAFTA, akwai mambobinsu da dama da su ne dai za su kaɗa a Oscar. Idan suna ɗaya ya fito a SAG da BAFTA da Golden Globes gaba ɗaya, rubuta shi da biro. Idan masu sharhi kaɗai ke yabon sa, rubuta shi da fensir.

Akwai kuma abubuwan da ba a rubuta a doka ba amma suna aiki. Fim ɗin da ya fito a ƙarshen shekara ya fi zama a zuciyar mai ƙuri'a a kan wanda ya fito a Maris. Kamfanin da ke da finafinai biyu masu ƙarfi yakan zuba kuɗin tallarsa a kan ɗaya, ɗayan ya kwana a hanya. Jarumin da ya taka rawar wani sanannen mutum na tarihi yana da fifiko. Haka wanda ya daɗe yana aiki ba a taɓa karrama shi ba, ko wanda ya ɓace shekaru ya dawo, kamar Brendan Fraser da Ke Huy Quan a 2023. Masu ƙuri'a mutane ne, labarin da ke bin ɗan takara yana taɓa su kamar yadda labarin cikin fim ke taɓa su.

Namu na gida

Kada ka ɗauki wannan ma'auni kacokan ka ɗora wa AMVCA, za ka sake shan kaye. An fara AMVCA, wato Africa Magic Viewers' Choice Awards, a Legas a 2013 ƙarƙashin kamfanin MultiChoice mai DStv, kuma sunanta na yaudarar mutane. Da yake akwai zaɓin 'yan kallo a cikin sunan, sai a zaci yawan masoya ne ke shigar da fim. Alƙalai ne ke fitar da 'yan takara daga cikin finafinan da masu su suka aika. Sai bayan an sanar da jerin ake buɗe wa jama'a ƙuri'a, a wasu rukunan kawai. Jarumar da ke da mabiya miliyoyi a Instagram ba za su iya shigar da ita jeri ba, sai dai su taimake ta bayan ta shiga, idan rukunin nata na ƙuri'a ne. A 2024 ma an mayar da rukunan manyan jarumai hannun alƙalai.

A shekarar 2024 ɗin ne kuma aka yi canjin da ya fi shafar mu. Kafin nan Hausa tana da rukuninta na kanta, inda Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci a 2023. Sai aka haɗe harsunan gida bisa yanki, aka ce Afirka ta Yamma rukuni ɗaya. Daga ranar fim ɗin Hausa ya koma kokawa da manyan finafinan Yarbanci da ake kashe musu kuɗi masu yawa, ana haska su a silima da Netflix. Wanda bai karanta wannan canjin ba, ya zo ya jera finafinan Hausa biyar a takardarsa, ya faɗi tun kafin a fara.

Gasar AMAA kuwa, wato Africa Movie Academy Awards, wadda marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa aka fara a Yenagoa a 2005, ta alƙalai ce tsantsa, kuma ta nahiyar Afirka ce gaba ɗaya. Ɗanɗanon alƙalanta ya fi karkata ga irin finafinan da ke yawo a bukukuwa, masu ɗauke da wani batu mai nauyi, masu tsabtar hoto da sauti. The Milkmaid, wanda aka yi da Hausa da Fulatanci da Larabci a kan rikicin 'yan ta da ƙayar baya, ya lashe gwarzon fim a can a 2020, Maryam Booth kuma ta ci kyautar mataimakiyar jaruma da shi. Idan AMAA kake hasashe, duba finafinan da suka je bukukuwan FESPACO a Wagadugu, da AFRIFF a Legas, da Zuma a Abuja, da bikin finafinai na Kaduna da aka fara a 2018. Furodusan da ya jure wahalar kai fim ɗinsa waɗannan wurare, shi ne dai zai cike fom ɗin gasa a kan lokaci.

Dalilin da namu ke tsayawa a bakin ƙofa

Kafin a je maganar kyau ko rashinsa, da yawan finafinanmu ba a aika su ba. Babu gasar da ke bin furodusa gida. Akwai ranar buɗewa da ranar rufewa, akwai fom, akwai irin kwafin da ake so, akwai sharaɗin cewa fim ya fito a tsakanin wata kaza da wata kaza. Ga shi kuma ƙarfin masana'antarmu yanzu ya koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, waɗanda ba su dace da rukunin fim mai zaman kansa ba. Na taɓa sa wani fim a saman jerina saboda ya sa ni hawaye, na yi ta kare shi a majalisa har mako biyu. Bayan sanarwa na haɗu da ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, ya ce mini ai ba su ma aika ba, ranar ta wuce suna lokeshan. Tun daga lokacin, tambayata ta farko a kan kowane fim ita ce: an shigar da shi?

Oscar ta fi tsanani. A rukunin finafinan ƙasashen waje, kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa, kwamitinta na gida ne ke zaɓa, dole a haska shi a silima kwana bakwai a jere, kuma fiye da rabin maganganun cikinsa su kasance ba da Turanci ba. Wannan dokar ce ta fitar da Lionheart a 2019, fim na farko da Najeriya ta aika, saboda Turanci ya rinjayi Ibon da ke ciki. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne dokar nan tana goyon bayanmu. Cikin finafinai huɗu da Najeriya ta aika tsakanin 2019 da 2024, biyu na Hausa ne: The Milkmaid a 2020, da Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, a 2024. Sai dai ƙasashe sama da 80 ke aikawa, a tace su zuwa 15 a Disamba, sannan zuwa biyar a Janairu, kuma babu ɗaya daga cikin huɗun nan da ya kai matakin 15. Waɗanda ke kaiwa galibi sun riga sun yi suna a Cannes ko Venice ko Berlin, sun samu kamfanin da zai raba su a Amurka ya kuma biya kuɗin shirya wa masu ƙuri'a zaman kallo. Timbuktu na Muritaniya ta Cannes ya bi kafin ya shiga biyar ɗin a 2015, Tsotsi na Afirka ta Kudu kuma ya ci kyautar 'yan kallo a Toronto kafin ya lashe a 2006. Don haka in dai hasashe kake yi, fim ɗin da bai taka ɗaya daga cikin manyan bukukuwan nan ba, kada kishin ƙasa ya sa ka ba shi gurbi.

Sauran dalilan na gan su da idona. Wata shekara an gayyace ni cikin alƙalan wata ƙaramar gasa. Mu biyar ne a wani ɗakin taro, biyu daga cikinmu ba sa jin Hausa, ga tarin finafinai, ga kwana uku kacal. Aka sa wani fim ɗin Hausa da na san yana da labari mai ratsa jiki. Minti shida na farko sunaye ne da godiya ga masu gida, sai hoton gari daga sama, sai mota tana shiga get a hankali, maigadi na gudu. Kafin a furta kalmar farko na ga ɗaya daga cikin alƙalan ya ɗauki wayarsa. Da aka fara magana kuma, ƙarar janareta na bin kowace jimla, wani wurin ma baki na motsi daban murya na fita daban.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo a tsakiya. Matar da mijinta ya ci amanarta ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ta dube shi, ta ce, "Na bar ka da Allah." Kai ka san nauyin wannan magana. Ita ce ƙarshen abin da wanda aka zalunta ke iya faɗi. Sai aka rubuta a ƙasan allo da Turanci abin da ke nufin tana yi masa addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Abokiyar alƙalancinmu ta juyo ta tambaye ni, me ya sa take kuka alhali ta yafe masa? Na yi bayani iyakar iyawata, amma wurin ya riga ya wuce, kuma alƙali abin da ya gani yake ba maki. Fim ɗin bai shiga ba. Wani da bai kai shi labari ba, amma sautinsa tas, fassararsa daidai, shi ya shiga. Mai fassarar nan wataƙila a dare ɗaya aka ba shi aikin, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali shi ne bakin fim ɗin gaba ɗaya a gaban wanda ba ya jin yaren.

Saboda haka idan ina auna fim ɗin Hausa don hasashe, nakan kashe sautin na minti goma in bi rubutun ƙasa kaɗai, in ga ko baƙo zai fahimta. Sannan in rufe ido in saurari sautin kaɗai. Wanda ya tsallake waɗannan biyun, ya riga ya wuce yawancin abokan takararsa.

Yadda nake yi, da inda hanyar ke ƙarewa

Littafin rubutu nake da shi, irin na 'yan makaranta, kowace gasa da shafinta. Abu na farko, nakan nemo dokokin wannan shekarar in karanta, domin ana sauya rukunai ba tare da an yi shela sosai ba. Oscar ma ta ƙara rukunin masu zaɓen 'yan wasa daga bikin 2026. Na biyu, in kwafe jerin 'yan takara na shekara biyar baya, in zauna in dube su kamar mai duba amfanin gona: wane irin fim ne ke yawan shiga, wane kamfani, waɗanne sunaye ne ke dawowa. Alƙalai na canzawa, amma kowace gasa tana da halinta, kuma wanda ya taɓa shiga sau ɗaya ya fi sabo sauƙin sake shiga, domin an riga an san sunansa.

Daga nan sai in ja layi biyu, shafin ya kasu uku. Gefen farko na waɗanda alamu suka taru a kansu. Na tsakiya na masu yiwuwa. Na ƙarshe na rubuta masa "son raina" a sama, kuma nan nake zuba duk fim ɗin da nake ƙauna amma ba ni da hujjar cewa masu zaɓe sun gan shi. Wannan gefen na uku shi ne maganin ciwonka, ɗan'uwa. Ba a hana ka son abin da kake so ba, an dai ba shi wurin zamansa. Wani lokaci suna yakan tashi daga can ya koma tsakiya, amma sai na iya faɗin dalili da baki: ya ci wani abu a wani biki, ko wani babban kamfani ya saye shi, ko na ga 'yan sana'ar da kansu suna maganarsa.

Ga iyakar abin. A rukuni mai gurbi biyar, uku sukan fito fili ga duk mai bibiya, na huɗu ana kusantarsa da lissafi, na biyar kuwa mutum uku ko huɗu ne ke rububinsa, kuma a nan manyan masu sharhi ma ke faɗuwa. Da yake ba a fitar da ƙuri'u, babu mai iya cewa da tazarar nawa aka shiga ko aka fita. Gasar da alƙalai kaɗan ke yanke hukunci ta fi wuyar hange nesa ba kusa ba. Taron mutum dubbai yana da ɗabi'ar da ake iya karantawa, amma mutum biyar a ɗaki, ɗaya mai iya magana yana iya juya sauran huɗun bayan la'asar, lokacin da kowa ya gaji. Na zauna a irin ɗakin, na ga an yi. Shi ya sa hasashena na Oscar, da ke can wata uwa duniya, ya fi na gasar da ake yi a Legas dacewa. Wannan rashin tabbas ɗin ma ya isa ya hana mutum sa kuɗi a kai, ko da ba a zo maganar haramcin caca ba. Na ji wasu matasa sun fara, ina roƙon ku ku tsaya a kan musun teburin shayi.

A gurbin na biyar ne kawai nake ba ka izinin sa zuciya, da sharaɗi. Cikin masu rububin, ɗauki wanda ke da masoya masu zafi ko da kaɗan ne, ka bar wanda kowa ke cewa ba laifi. Idan rukunin daraktoci ne, ba wanda ya zo daga waje. Idan na jarumai ne, ba wanda fim ɗinsa ke da ƙarfi a gwarzon fim, domin mai ƙuri'a ya riga ya kalle shi.

Ka ce wa abokanka kowa ya rufe jerinsa kwana ɗaya kafin sanarwa, ya sa kwanan wata, a damƙa wa mai shayin ya ajiye. Sunayen Oscar a Janairu ake karanto su da asubahin Los Angeles, wanda ke zuwa wajen ƙarfe biyu da rabi na rana a nan, bayan an sauko daga Azahar. Na AMVCA kuma a 'yan shekarun nan wajen Maris suke fita, a yi bikin a Mayu. Idan an karanto, kafin ka ƙirga nawa ka ci, ɗauki jan biro ka zagaye waɗanda ka rasa, ka rubuta a gefen kowanne abin da ya shigar da shi: reshe ne, biki ne, kamfani ne, ko doka ce da ba ka karanta ba. Da wannan shafin za ka buɗe littafin baɗi.